Yadda ake gane kalmar "clemency" da yadda ake aiki da ita ba tare da kuskure ba

Wata ɗalibata a ajin yamma ta taɓa kawo mini wasiƙar ta'aziyya da ta rubuta wa ƙawarta wadda mahaifinta ya rasu. Ta ce, "Malam, don Allah a duba mini kafin in aika." A layi na biyu ta rubuta: "I feel great clemency for you." Na tambaye ta inda ta samo kalmar, ta ce a ƙamus, ta ga an fassara ta da jinƙai da kirki, kuma ta fi "pity" daɗin ji a kunne. Ƙamus ɗin bai yi mata ƙarya ba. Abin da bai gaya mata ba shi ne daga hannun wa wannan jinƙan yake fitowa, kuma a kan wa yake sauka. Da wasiƙar ta tafi haka, da ƙawar ta karanta kamar ana ce mata ta yi laifi amma an sassauta mata, alhali tana cikin makoki.

Tun daga ranar nake koyar da wannan kalma daki-daki. Ga yadda nake bi da ɗalibai, kuma duk mai fassara labarai, ko mai shirin jarrabawa, ko wanda yake da ɗan'uwa a gidan yari yana son rubuta takardar roƙo, zai iya bin sawu.

Mataki na farko: daidaita bakinka

Gaɓa uku gare ta: KLE, man, si. Nauyin murya yana kan gaɓar farko, ta tsakiya kuwa a gajarce take, kusan a haɗiye. Mu Hausawa harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa "bread" ta zama burodi. Don haka bakinka zai so ya ce "kilemensi". Ka hana shi. Ɗora harshenka a inda ake furta "l" tun kafin ka saki "k", sai su fito tare. Maimaita sau goma a hankali, sannan ka ƙara sauri. Wajen rubutu kuma ka lura, "c" biyu ne a cikinta: na farko yana ba da sautin "k", na ƙarshe yana ba da sautin "s".

Mataki na biyu: yi wa jimlar tambayoyi uku

Nan ne gundarin maganar, kuma wanda ya riƙe wannan matakin ya riƙe kalmar. Kafin ka rubuta "clemency", ko kafin ka fassara ta, ka tsaya ka tambayi kanka abu uku. Akwai laifi ko hukunci a cikin zancen? Akwai wanda yake da ikon hukuntawa? Shi mai ikon ne ya sauko daga tsananin da yake da damar yi? In amsoshin uku duk "e" ne, kalmar ta zauna daram. In ɗaya ta zama "a'a", nemi wata.

Gwada da wasiƙar ɗalibata. Babu laifi, mutuwa ce aka yi. Babu mai iko, ƙawaye ne tsara ɗaya. Kalmar ta faɗi tun a tambayar farko. Gwada kuma da gwamnan da ya mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai: akwai laifi, akwai iko, an sauko. Ta zauna.

Wannan sharaɗi ba Turawan Ingila suka ƙirƙiro shi ba, da shi kalmar ta iso wurinsu. Asalinta Latin ne, "clementia", daga "clemens", wato mai sanyin hali, marar zafin hannu. Rumawa sun ɗauke ta a matsayin halin da ake nema ga mai mulki. Yuliyas Kaisar ya yi suna da ita, domin bayan ya ci abokan gabarsa da yaƙi a Farsalus a shekara ta 48 kafin Miladiyya, ya bar da yawa daga cikinsu da ransu, har da Burutus, wanda daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kashe shi a shekara ta 44 kafin Miladiyya. Bayan kusan shekara ɗari, wajen shekara ta 55 zuwa 56 Miladiyya, masanin falsafa Seneka ya rubuta wa ɗalibinsa, matashin sarki Nero, littafi guda a kan wannan hali, mai suna De Clementia. Ma'anar da ya bayar ita ce har yau take aiki a Turanci: sassaucin na sama ga na ƙasa wajen yanke hukunci. Har ma ya raba ta da tausayi irin wanda hawaye ke jawowa. A ganinsa wancan motsin zuciya ne kawai, wannan kuwa shawara ce da mai iko yake yankewa da hankalinsa a kwance.

Ni a aji, misalin da yake saurin shiga kunnen ɗalibaina shi ne ranar buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga garin da rinjaye, waɗanda suka cutar da shi shekara da shekaru suna gabansa ba su da abin kare kansu, ya sake su. Idan marubucin tarihi Bature zai ba da labarin wannan rana, kalmar da za ta fi dacewa da alƙalaminsa ita ce "clemency". Haka kuma abin da Bahaushe yake nufi in ya ce babba juji ne. Ba a ce wa yaro juji. Sai wanda yake da ikon ramawa ya shanye.

Mataki na uku: raba ta da 'yan'uwanta

Turanci yana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma ƙananan ƙamusoshi sukan tara su a buhu ɗaya. Dole ka zazzage buhun ka ware.

"Mercy" ita ce babbar yaya, ta fi kowa faɗi. Duk inda "clemency" ta shiga, "mercy" za ta iya shiga, amma ba a juyawa. Rahamar Ubangiji "mercy" ce. Wanda 'yan fashi suka tare ya durƙusa yana cewa a yi masa rai, "mercy" yake roƙo, domin ɗan fashi yana da ƙarfi amma ba shi da hurumin hukunci. Akwai kuma salon magana da ita kaɗai ke shiga, kamar "at the mercy of", wanda ke nufin mutum ya zama sai yadda aka yi da shi. Ba a taɓa cewa "at the clemency of". 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatun Faransanci za su ga kamar sun san fuskarta, kuma gaskiyarsu: ita da "merci" ta godiya tushensu ɗaya, daga Latin "merces", wato lada ko sakayya. Su kuma suna da "clémence" a Faransanci, mai ma'ana ɗaya da wadda muke magana a kai.

"Compassion" ita ce kalmar da ɗalibata take nema, ko kuma "sympathy". Tushenta yana nufin shan wahala tare da wani. Babu laifi a cikinta, babu na sama babu na ƙasa. Ma'aikaciyar jinya da ta zauna kusa da majinyaci tana riƙe da hannunsa, wannan "compassion" ce, tausayi ne mai sa a tashi a taimaka. "Pity" ma tausayi ne, sai dai sau da yawa tana ɗauke da ɗan ƙamshin raini, irin na "wayyo, ji yadda ya koma". Mai mutunci ba ya son a ce ana "pity" ɗinsa, don haka a kiyaye ta a wasiƙar ta'aziyya. "Kindness" kirki ne tsagwaronsa, kyautatawa ta yau da kullum, ko ruwa ka ba baƙo ka yi ta.

Wadda ta fi kusa da tamu ita ce "leniency". Ita ma sassauci ce daga mai iko, amma ta fi sauƙin kai, tana shiga aji da gida da wurin aiki. Malamin da ya ƙyale ɗalibin da ya makara ya nuna "leniency". Bambancin da ya fi amfani a aiki shi ne lokaci. Lauya da yake roƙon alƙali kafin a yanke hukunci, yana cewa wanda yake karewa bai taɓa laifi ba, yana da iyali, galibi "leniency" yake nema. A kotunan Najeriya za ka yawaita jin ana cewa "temper justice with mercy" a daidai wannan gaɓa. Bayan an yanke hukunci, an ɗaukaka ƙara har ƙofofin kotu sun ƙare, aka juya ga gwamna ko shugaban ƙasa, to nan ne gidan "clemency". Ba haramun ba ne a ce alƙali ya nuna "clemency", ana faɗa, amma a jarida da takardun hukuma ta fi zama a wancan wuri na biyu. Wani abu kuma, "leniency" tana iya zama zargi, a ce an yi sakaci an sassauta fiye da kima. "Clemency" kusan kullum da girmamawa ake faɗinta.

Mataki na huɗu: koyi kalmomin da take tafiya da su

Sanin ma'ana ba ya wadatarwa in ba ka san abokan tafiyarta ba. Da farko, suna ce da ba a ƙirgawa, kamar yadda ba ma cewa "haƙuri uku". Kada ka sa mata "a" a gaba. In kana son ka nuna aiki guda, ka ce "an act of clemency". In roƙo guda ne, "a plea for clemency" ko "an appeal for clemency".

Sai aikatau. Mai iko yana "grant", yana "show", ko ya ƙi, wato "deny" ko "refuse". Mai roƙo yana "seek", yana "ask for", yana "plead for", yana "appeal for". Ga su a jimla:

"The governor granted clemency to twelve inmates." Gwamna ya yi wa fursunoni goma sha biyu sassauci.

"His mother pleaded for clemency." Mahaifiyarsa ta roƙi a sassauta masa.

"The president denied him clemency." Shugaban ƙasa ya ƙi yi masa sassauci.

Kurakuran da nake gani a takardun ɗalibai kusan duk daga Hausar da ke cikin kansu suke fitowa, kuma babu abin kunya a ciki, haka koyon harshe yake. Muna cewa "yi masa afuwa", sai hannu ya rubuta "do clemency for him". Babu wannan a Turanci. Muna cewa "na ji tausayinsa", sai a rubuta "feel clemency". Ita ba a jin ta a zuci, bayar da ita ake yi. Sai kuma ɗan ƙaramin harafin da ke biyo baya. An saba da "have mercy on us", sai a ɗauko "on" a manna mata. Ita "to" take so, wani lokaci "towards", in ana maganar wanda aka yi wa. "For" kuwa tana zuwa ne in ana roƙa wa wani: "They sought clemency for their son." Kuma ba ta da siffar aikatau, ba za ka ce gwamna ya "clemence" wani ba.

Tana da siffa, "clement", amma a nan akwai abin lura. A Turancin yau ba kasafai ake siffanta mutum da ita ba, sai a tsohon rubutu. An fi amfani da ita ga yanayi: "clement weather" shi ne yanayi mai daɗi, ba zafi ba sanyi. Kishiyarta "inclement" ta ma fi ta yawo. In ka ga sanarwa a filin jirgi cewa an ɗage tashi saboda "inclement weather", ana nufin hadari ko guguwa ko hazo mai kauri, ba wai wani ya ƙi yin afuwa ba. In kana son siffanta mutum, ɗauki "merciful" ko "lenient". Sunan nan Clement da muke ji a wurin maƙwabtanmu Kirista ma daga nan yake, Fafaroma goma sha huɗu ne suka yi amfani da shi.

Mataki na biyar: buɗe laimar ka ga abin da ke ƙarƙashinta

Wannan matakin ne ya fi damuna, domin a nan kuskure yake taɓa rayuwar mutane. A harshen shari'a "clemency" laima ce, abubuwa da dama suna fakewa a ƙarƙashinta, kuma ba ɗaya suke ba ko kusa.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya jera su a sashe na 175, inda ya ba shugaban ƙasa ikon da ya kira "prerogative of mercy" a kan laifukan da dokokin tarayya suka tanada, bayan ya tuntuɓi Majalisar Magabata ta Ƙasa. Sashe na 212 ya ba gwamna irin wannan iko a kan laifukan da dokokin jiharsa suka tanada, bayan ya tuntuɓi majalisar shawara ta jihar. Abu huɗu aka lissafa. Zai iya yin afuwa, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Zai iya jinkirta zartar da hukunci. Zai iya musanya hukunci da wanda ya fi shi sauƙi. Zai iya yafe wani ɓangare na hukuncin ko dukkansa, har da tara. A Turanci na farko shi ne "pardon", na biyu "respite" ko "reprieve", na uku "commutation", na huɗu "remission". Duk huɗun ana iya kiransu "clemency", amma wanda aka yi wa na farko yana iya kwana a gidansa, wanda aka yi wa na uku yana iya mutuwa a kurkuku.

Tarihinmu ya nuna wannan a rayuwar mutum ɗaya. A 1995, zamanin Janar Sani Abacha, kotun soja ta yanke wa Janar Shehu Musa 'Yar'adua hukuncin kisa bisa zargin yunƙurin juyin mulki. Bayan kiraye-kiraye daga ciki da wajen ƙasa aka mayar da hukuncin zuwa ɗauri. Wannan "commutation" ne. Bai fito ba, a gidan yarin Abakaliki ya rasu a watan Disamban 1997. A watan Maris na 2013, shekaru da yawa bayan rasuwarsa, gwamnatin Goodluck Jonathan ta sanya sunansa cikin waɗanda aka yi wa "pardon". Kalma ɗaya ta Turanci tana iya rufe duka matakan biyu, amma dubi tazarar da ke tsakaninsu. A wannan shekara ta 1995 ɗin dai, shugabannin duniya sun yi ta roƙon "clemency" ga Ken Saro-Wiwa, marubuci ɗan fafutukar yankin Ogoni, da mutum takwas da ke tare da shi, ba a saurare su ba, aka rataye su ranar 10 ga Nuwamba.

Ƙanen Shehu, Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, shi ya kawo mana wata kalmar ta daban a 2009, lokacin da ya shelanta "amnesty" ga masu ɗauke da makamai a yankin Neja Dalta. Ita wannan ta jama'a ce, ana yi wa rukuni guda, sau da yawa tun ba a gurfanar da kowa ba. Asalinta daga harshen Girka ne, tana nufin mantuwa, wato hukuma ta ce ta manta, a ajiye makami a dawo gida.

Amurka ce ƙasar da za ka fi cin karo da kalmarmu a labaranta, domin can ana cewa "executive clemency" kullum. A watan Satumban 1974 Shugaba Gerald Ford ya yi wa wanda ya gada, Richard Nixon, cikakken "pardon" tun ba a kai shi kotu ba. A watan Disamban 2024 kuma Shugaba Joe Biden ya sauya hukuncin mutum 37 daga cikin 40 da ke jiran kisa a gidajen yarin tarayya zuwa ɗaurin rai da rai. Babu ko ɗaya da aka buɗe wa ƙofa. Duk wanda ya fassara wannan labari da "Biden ya yi wa mutum 37 afuwa" ya yi shiru, ya bar mai sauraro da hoton da ba shi ne ba.

Ka kuma riƙe cewa "clemency" ba wanke mutum ba ce. Wankewa aikin kotu ne, shi ne "acquittal", inda alƙali ya ce ba a same ka da laifi ba. Ba beli ba ce kuma, shi beli sakin wucin gadi ne kafin a gama shari'a.

Mataki na shida: zaɓi kalmar Hausa da ta dace

Hausa ba ta da talauci a wannan fanni, har ma ta fi Turanci rarrabewa a wasu wurare. Muna da afuwa, da sassauci, da rangwame, da yafiya, da gafara, da jinƙai, da rahama, da tausayi. Aikinka shi ne kada ka fassara kanun labari kafin ka karanta cikinsa. Sauka ƙasa ka nemo abin da aka yi a zahiri.

In an saki mutum an share masa hukunci, ka ce an yi masa afuwa. In an rage shekaru ko an sauya kisa da ɗauri, ka ce an sassauta masa hukunci, kuma ka faɗi daga me zuwa me. In tara aka rage, rangwame ta dace. In an ɗage ranar zartarwa ne kawai, ka ce an jinkirta, kada ka ƙara ko kalma ɗaya da za ta sa a ɗauka ya tsira. In kuwa roƙo ake yi ba a san abin da za a bayar ba, "neman sassauci" ta fi aminci, domin tana ɗaukar kowanne. Rahama da gafara ni nakan bar su ga Ubangiji in ana labarin hukuma, sai dai in mai maganar da kansa ya ambace su. Tausayi kuma dalili ne da zai iya sa a yi sassauci, ba shi ne sassaucin ba.

Na taɓa ganin illar sakaci da wannan a unguwarmu. An karanta labari cewa gwamna ya yi wa wasu fursunoni afuwa albarkacin Sallah, aka ambaci sunan ɗan wata dattijuwa. Ta sa aka share ɗakinsa, maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Da ƙanensa ya je gidan yarin, sai aka nuna masa takardar: hukuncin kisa aka mayar ɗaurin rai da rai. Alheri ne babba, an tsirar da ransa, amma sai da aka koma aka gaya wa uwar cewa ɗanta ba zai shigo ba. Da mai fassarar ya ce "an sassauta", da ta yi godiya ga Allah a kan abin da aka samu, ba tare da an ɗaga mata rai an sake kayar da shi ba. Shi ya sa ba na yarda ɗalibi ya ce mini ai duk ɗaya ne.

Mataki na bakwai: yi aiki da ita a takardar roƙo

In kai ne za ka rubuta wa gwamna a madadin ɗan'uwa, ka fara neman lauya ya duba maka, ko ka je ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta da ke jiharku, domin kowace jiha da hanyar da takarda take bi kafin ta isa majalisar shawara. Ta fuskar harshe kuwa, tsarin bai bambanta da yadda ake zuwa gaban sarki ba. Ba a shiga fada neman afuwa da musu. Ana faɗuwa a yi gaisuwa, a ce ranka ya daɗe tuba muke, sannan a kawo uzuri.

Sa kan magana a fili: "Petition for clemency on behalf of", sai sunan mutumin. Buɗe da "Your Excellency". A sakin layi na farko faɗi kai wane ne a wurinsa, da kotun da ta yanke hukunci, da shekarar, da abin da aka yanke. A na biyu ka amsa hukuncin, kada ka sake buɗe shari'a, kada ka zagi alƙali ko shaidu. Jimla irin "We do not question the judgment of the court" tana yin wannan aiki. Sai dalilai: shekarun da ya riga ya yi, tsufa ko rashin lafiya in akwai takardar likita, sana'a ko karatun da ya yi a ciki, shaidar kyawun hali daga jami'an gidan, da ko iyalan wanda aka cuta sun yafe. Kada ka rubuta abin da ba za ka iya kawo takardarsa ba.

Daga nan ka faɗi ainihin abin da kake roƙo, kada ka tsaya a kan laima. "We humbly appeal for clemency" buɗe ƙofa ce kawai. Biyo ta da "and pray that the sentence be commuted to a term of years" in sauya hukunci kake nema, ko "and pray that the remainder of the sentence be remitted" in so kake a yafe ragowar. Kalmar "pray" a nan ba salla ba ce, roƙo ne a harshen takardun hukuma. Kuma kada ka yi amfani da "demand". Abin da yake haƙƙinka shi ake "demand", wannan kuwa kyauta ce daga mai iko, in ya ga dama ya bayar.

A wasiƙar yau da kullum kuma, ka rage mata aiki. In ka makara biyan kuɗin haya, kada ka rubuta wa mai gida kana neman "clemency", ta yi wa zancen nauyi, kamar ka sa babbar riga ka tafi gona. "Please be lenient" ko "please bear with me" sun wadatar.

Mataki na takwas: gwada kanka

Ɗauki littafi ka ware shafi guda. Mako ɗaya, duk inda ka ci karo da kalmar a jarida ko a intanet, kwafe jimlar gaba ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin aikatau da ya zo gabanta da ɗan harafin da ya biyo bayanta, ka rubuta a gefe wa ya bayar, wa ya karɓa, me aka yi a zahiri. Sannan ka fassara ta da Hausa ka karanta wa wani a gida wanda bai ji Turanci ba, ka tambaye shi: mutumin ya fito ko yana ciki? In amsarsa ta saɓa wa labarin, koma ka gyara fassarar.

Kafin nan, ga uku ka fara da su yanzu. Likita ta zauna da majinyacin da ba shi da kowa har gari ya waye. Shugaban makaranta ya fasa korar ɗalibi ya ba shi gargaɗi. Iyalan wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar wa hukuncin kisa sun rubuta wa gwamna. Yi wa kowanne tambayoyin nan uku na mataki na biyu kafin ka duba amsa. Na farko "compassion" ne, domin babu laifi. Na biyu ya ci tambayoyin uku, amma zancen makaranta ne, don haka "leniency" ta fi zama daidai da shi. Na uku shi ne "a plea for clemency", kuma da Hausa za ka ce iyalan sun nemi gwamna ya yi masa sassauci, har sai ka ga amsar da ta fito daga gidan gwamnati.